Nazarin Lamari: Ƙaramar Tashar Bidiyo ta Hausa a Makka da Neman Kuɗi Daga Talla, 2020 zuwa 2024

## Mai tashar da asalinsa

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne haifaffen Makka, ɗan ƙasar Saudiyya, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya haye Bahar Maliya, ya sauke farali, sannan ya zauna bai koma gida ba. Lokacin da lamarin ya fara shekarunsa sun ɗan haura talatin, yana da iyali da ƙananan yara. A lokacin Hajji yana aikin tafinta na wucin gadi tare da masu hidimar alhazan Afirka, sauran watannin kuma yana jigilar masu Umara da ƙaramar motarsa tsakanin masaukansu da masallacin Tan'im da wuraren ziyara irin su Jabalun Nur da Arfa. Larabci ne harshen karatunsa da rubutunsa. Hausa kuwa a bakin kakarsa da kasuwar unguwa ya tsince ta, yana magana da ita ba gargada, amma bai taɓa koyon rubuta ta da boko ba.

Alƙaluman da suka shafe shi a nan daga littafin lissafinsa da rahoton tashar aka ɗauko su, an kuma dunƙule su don sauƙin karatu.

## Maris zuwa Disamba 2020: buɗe tashar

A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara daga ƙasashen waje saboda annobar korona, a farkon Maris kuma ta haɗa har da mazauna ƙasar. Hajjin shekarar aka taƙaita shi ga 'yan tsirarun mutanen da suke cikin ƙasa. Da wannan, hanyoyin samunsa biyu suka toshe tare.

A tsakiyar shekarar ya buɗe tasha a YouTube da wayar hannunsa, da niyyar cewa idan ta kankama talla za ta riƙa kawo masa abin cefane. Bidiyoyinsa na farko iri biyu ne. Akwai waɗanda ya ɗauka da kansa, yana zagaya unguwar Misfala da titin Ibrahim Khalil yana nuna shaguna a rufe da otal-otal ba kowa, yana bayani da Hausa. Akwai kuma waɗanda ya naɗo daga talabijin, na sallolin Harami da karatun limamai, ya ɗora su ba tare da ya ƙara komai ba sai sallama a farko. Dukkansu da Larabci ya rubuta musu take.

Na biyun su ne suka fi samun kallo, daga ƙasashe barkatai. Na farkon kuwa, saboda taken Larabci ne, Larabawa aka fi nuna wa, su kuma da zarar sun ji Hausa sai su fita, har rahoton tashar ya nuna yawancin masu buɗewa ba sa cika rabin minti. Bahaushen da ke Kano ko Maraɗi yana neman labarin Makka ba ya cin karo da su, domin kalmomin da yake rubutawa a wurin bincike ba su ne ke jikin bidiyon ba.

A ranar 4 ga Oktoba aka sake buɗe Umara ga mazauna ƙasar, da sharaɗin karɓar izini ta manhajar Eatmarna. Ya yi bidiyo na minti shida yana nuna yadda ake cike ta mataki-mataki, yana ajiye yatsa a kan kowane maɓalli yana fassara abin da ke rubuce. Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina suka yi ta tura wa juna shi a WhatsApp. Shi ne bidiyonsa na farko da masu kallo suka bi kusan har ƙarshe.

## 2021: cika sharaɗi, ƙin karɓa, da sake nema

A lokacin, ƙa'idar da YouTube ya kafa tun 2018 ita ce ba a raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da kallo na awa 4,000 a cikin watanni goma sha biyu da suka gabata. Awannin ya same su da wuri ta dalilin bidiyoyin sallar Harami. Mabiya ne suka yi masa wuya, don haka ya shiga wasu ƙungiyoyin WhatsApp na masu ƙananan tashoshi, inda kowa ke bin tashar ɗan'uwansa don a rama masa. Adadin ya hau, amma waɗannan mabiyan ba sa kallon komai, kuma lokaci-lokaci sai ya wayi gari ya ga an zaftare wasu daga cikinsu, saboda tsarin yana share asusun da ya gane na bogi ne.

Bayan azumin shekarar ya cika 1,000, ya miƙa buƙatarsa. Bayan 'yan makonni amsa ta zo cewa ba a karɓa ba, dalili kuwa shi ne yawancin abin da ke tashar kayan wasu ne da aka sake ɗorawa ba tare da wani ƙari na mai tashar ba. Aka ba shi damar sake nema bayan kwana 30.

A daidai wannan lokaci wani abu ya ƙara dagula masa lissafi a cikin gida. Daga Yunin 2021 YouTube ya ba kansa ikon sa talla a bidiyon tashoshin da ba su shiga tsarin rabon kuɗi ba, ba tare da biyan masu su komai ba. 'Yan'uwa suka fara ganin talla tana fitowa kafin bidiyonsa, suka ɗauka kuɗi ya fara shigowa, har wasu suka zo da buƙatunsu, alhali ko riyal ɗaya bai gani ba.

Ya goge duk bidiyoyin da ya naɗo daga talabijin. Awannin bidiyon da aka goge ba sa shiga lissafi, saboda haka ya koma ƙasa da rabin abin da ake nema. A nan ne ya haɗu da wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a jami'ar Ummul Ƙura, wanda ya karɓi aikin rubuta masa take da bayani da Hausar boko, ya kuma bi tsofaffin bidiyoyin ya gyara musu. Ɗalibin ya riƙa zaɓar kalmomin da maniyyaci zai rubuta da kansa, irin su yadda ake ɗaura harami, yadda ake ɗawafi da sa'ayi, da farashin masauki a Makka. Hajjin 2021 na mutum 60,000 ne kawai daga cikin ƙasa, don haka mutanen gida suna cikin ƙishirwar labari, kallo daga Najeriya da Nijar ya fara ƙaruwa a hankali. A ƙarshen shekarar ya sake cika sharaɗin da bidiyon kansa zalla, aka karɓe shi.

## Janairu zuwa Mayu 2022: kuɗin farko

Kafin kuɗi ya iso hannu akwai matakai uku. Na farko, idan abin da aka tara ya kai dala 10, Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, yana aiko wasiƙa ta gidan waya mai ɗauke da lambar sirri don tabbatar da adireshi, kuma akwai wa'adin wata huɗu na shigar da ita. Adireshin da ya fara rubutawa irin na da ne, sunan unguwa da masallacin da ke kusa, wasiƙar ba ta iso ba. Sai da ya sake nema da cikakken adireshin ƙasa, mai lambar gini da lambar yanki, sannan ta zo. Na biyu shi ne takardar harajin Amurka: wanda bai cike ta ba ana iya riƙe har kashi 24 cikin ɗari na duk abin da ya samu, wanda ya cike kuma daga ƙasar da ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, kamar Saudiyya, ana cire kashi 30 ne daga abin da masu kallo na Amurka kaɗai suka kawo. Ya cike ta, kuma da yake masu kallonsa na can ba su da yawa, abin da ake cirewa bai taka kara ya karya ba. Na uku, ba a turo kuɗi banki sai ya kai dala 100, wato riyal 375 a kan tsayayyen canjin riyal 3.75 ga dala, kuma tsakanin 21 da 26 ga wata ake turowa.

Sai da ya shafe wata huɗu kafin ya cika dala ɗarin farko.

Dalilin yana cikin yadda ake sayar da tallar. Duk lokacin da mutum ya buɗe bidiyo, gwanjo ake yi nan take tsakanin kamfanonin da ke son wannan mutum ya ga hajarsu, kuma farashin ya danganta da ƙasar da mai kallon yake, da lokacin shekara, da irin abin da yake kallo. Daga abin da aka biya, mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin ɗari, YouTube ya riƙe 45. Ba kuma kowane kallo ne ke zuwa da talla ba. Rahotonsa ya nuna kusan kashi huɗu cikin biyar na masu kallonsa suna Najeriya da Nijar, inda masu neman gurbin talla ba su da yawa kuma ba sa tayawa da tsada. Kallo dubu daga can da ƙyar yake kawo masa riyal biyu, alhali kallo dubu daga cikin Saudiyya yana kawo ninkin haka sau da dama.

Akwai kuma wani ɓangare da rahoton ba ya nunawa ko kaɗan. Saboda tsadar data, mutum ɗaya ne ke sauke bidiyon, sannan ya bazu daga waya zuwa waya, a majalisa, a wurin masu cajin waya, da wuraren bitar alhazai. Ɗalibin da ke taimaka masa ya je hutu gida ya tarar da wani malamin bita yana kunna wa maniyyata bidiyon jifan jamra daga wayarsa. Waɗannan duka masu kallo ne na gaske, sai dai tallar Google ba ta bin bidiyon da aka sauke aka tura, don haka ba su kawo masa komai ba.

## Hajjin 2022: hauhawa da faɗuwa

A 2022 aka buɗe Hajji ga ƙasashen waje da iyakar mutum miliyan ɗaya jimilla, na ciki da na waje, 'yan ƙasa da shekara 65 waɗanda suka yi rigakafi, Najeriya ta samu kujeru 43,008. Daga bayan ƙaramar Sallah zuwa tsayuwar Arfa, wadda ta kama 8 ga Yuli, kallon tashar ya ninka sau biyar ko fiye, kuɗin wata mafi kyau ya kai kusan riyal 1,100. Da alhazai suka gama komawa, ya sauko zuwa tsakanin riyal 150 da 250 a wata, ya tsaya a nan.

Ya gwada abubuwa uku don ɗaga shi. Ya tsawaita bidiyoyinsa, saboda wanda ya kai minti takwas ana iya sa masa talla a tsakiya. A bidiyon koyar da aikin Hajji wannan ya ɗan ƙara wani abu, tunda mai koyo yana da haƙurin zama, amma a sauran sai masu kallo suka riƙa fita da wuri don kada datarsu ta ƙare. Ya kuma toshe wasu rukunan talla, bayan da masu kallo suka yi masa ƙorafin cewa tallar da ba ta dace ba tana fitowa kafin bayanin ɗawafi. Wannan ya rage masu tayi, kuɗin ya ɗan ja baya, amma bai janye matakin ba. Na ukun shi ne ware kwana ɗaya a mako don bidiyon da ya shafi mazauna Saudiyya: amfani da Absher, wato manhajar hidimomin gwamnati, abin da ake buƙata wajen sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, yankan tikitin jirgin ƙasa na Haramaini, da neman izinin shiga Rauda ta Nusuk, manhajar da ta gaji Eatmarna a shekarar. Waɗannan ba sa samun kallo mai yawa, amma su ne suka riƙe kuɗin watannin da babu alhazai, saboda masu kallonsu a cikin ƙasa suke.

A cikin wannan Hajjin ne wani abu ya faru ba da shiri ba. Kawunsa yana da shagon kago a Misfala, inda alhazai ke auna tsarabar da ta fi ƙarfin jakar jirgi a aika musu gida. A ƙarshen wani bidiyo kan yadda ake shirya kaya, ya ambaci shagon, ya nuna ƙofarsa. Bayan an sauko daga Mina kawun ya kira shi ya ce, "Ɗana, mutanen nan da bidiyonka a hannu suke shigowa, suna nuna wa yarana suna tambaya ko nan ne." Ya ba shi riyal 300 ya ce ya sha mai. Wannan ya zarce abin da tashar ke kawowa a wata guda na lokacin da babu alhazai, daga ambato na daƙiƙa ashirin. Masu shaguna biyu da ke maƙwabtaka da kawun suka nemi a yi musu irinsa.

## Oktoba 2022 zuwa Fabrairu 2023: batun lasisi

Kafin ya amsa musu, doka ta shigo. Hukumar da ke kula da kafofin sauti da hoto ta Saudiyya ta sanar da cewa daga 1 ga Oktoban 2022, duk mutumin da zai gabatar da talla a kafofin sada zumunta sai ya mallaki lasisin da ake kira Mawthooq, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku, kuma ta asusun da ya yi wa rajista da hukumar kaɗai zai yi tallar. Ya dakatar da duk wani ambaton shago, ya cire wancan ɓangaren daga bidiyon kawunsa.

Ya kamata a tsaya a nan a faɗi wani abu da ya shafi da yawa daga masu karanta wannan. Shi ɗan ƙasa ne, shi ya sa ƙofar lasisin take buɗe gare shi kai tsaye. Da yawa daga Hausawan da ke da irin waɗannan tashoshi a Makka da Jidda masu iƙama ne ko baƙi, kuma tun a Yunin 2022 hukumar ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba yin talla a waɗannan kafofi ba tare da izini ba, ta kuma danganta laifin da dokar yaƙi da kasuwancin ɓoye, mai hukuncin da kan kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Hanyar da aka bar musu ita ce ta kamfanin talla mai lasisi ko ta lasisin zuba jari. Duk wanda ke da iƙama bai kamata ya kwaikwayi abin da ke tafe ba sai ya bi ta wannan hanya.

Riyal 15,000 na nufin 5,000 a shekara, sama da 400 a wata, wato fiye da abin da tashar ke kawowa a watannin da babu alhazai. Ya shafe wata uku yana shawara. Abin da ya yi kafin ya yanke hukunci shi ne ya bi shagunan Misfala da Kudai ɗaya bayan ɗaya, masu kago, masu dabino, masu jallabiya da abaya, da gidajen abincin da ke tuƙa tuwo, yana tambayar nawa za su iya biya idan an nuna shagonsu tun kafin maniyyata su baro gida. Da ya ga alkawuran da ya samu sun kusa rufe kuɗin shekara guda, sai ya ɗauki kwasarsa ta adashin dangi, ya cika da abin da ya tara daga jigila, wadda ta farfaɗo da dawowar masu Umara, ya karɓi lasisin a farkon 2023.

## Ramadan da Hajjin 2023: tallar kai tsaye

A 2023 aka ɗage iyakar shekaru, alhazai suka haura miliyan 1.8, Najeriya ta koma kan kujerunta 95,000. Mabiyan tashar a lokacin ba su wuce 12,000 ba.

Tsarin da ya bi shi ne wannan. Ba da yawan kallo yake sayar da gurbi ba, da zango yake sayarwa: zangon azumi daban, zangon Hajji daban, daga Shawwal zuwa tashin jirgin ƙarshe. Kowace yarjejeniya a rubuce take. Tallar ba ta wuce rabin minti, yana faɗa da bakinsa cewa talla ce, kalmar kuma tana rubuce a jikin hoton. Ba ya sa ta a bidiyon koyar da ibada, sai a na masauki, abinci, sufuri da tsaraba. Kuma maimakon ya karanto sunan shago da lambar waya, sai ya taka da ƙafa yana ɗauka, daga wani wuri da kowane alhaji ya sani, ya gangara titi yana cewa ga kantin magani a dama, a wuce shi, ga wata gada, a bi ta ƙarƙashinta, ga ƙofar mai launin kore. Ya yi haka ne saboda ya sani daga aikin tafinta cewa da yawan alhazai ba sa karanta allon shago, kuma tsoron ɓata yana hana su nisa da masauki.

Don a san ko tallar tana aiki, ya roƙi kowane mai shago ya ajiye littafi, ya kuma yi ɗan rangwame ga duk wanda ya ambaci sunan tashar, ko da ɗaurin kaya kyauta ne. A shagon kawunsa da wani gidan abinci shafukan suka cika, kuma da yawan waɗanda suka zo sun ce ba a YouTube suka ga bidiyon ba, wani ne ya tura musu tun suna sansanin alhazai.

Abubuwa uku ba su yi ba. Wani mai turare a unguwar Aziziyya ya biya kuɗin zango guda, amma shagon ya yi nisa da masaukan alhazan Najeriya, waɗanda suka je ba su kai a ƙirga ba, mai tashar ya mayar masa da rabin kuɗinsa. Wani kamfanin kago na biyu da ya karɓa ba tare da ya san aikinsu ba ya yi jinkirin kai kaya wata da watanni, kuma shi alhazai suka riƙa kira suna nema, tunda muryarsa ce ta kai su. Ya bi musu kadi har kayan suka isa, ya kuma daina tallata duk wanda bai je ya ga aikinsa da idonsa ba. Sai gajerun bidiyoyi na Shorts, waɗanda aka fara raba kuɗin tallarsu a Fabrairun 2023 da kason 45 cikin ɗari: sun kawo kallo mai yawa da sababbin mabiya, amma kuɗinsu bai kai a ambata ba.

A ƙarshen shekarar tallar kai tsaye ta kawo kusan riyal 8,000, ta Google kuma kusan 4,000.

## 2024: faɗuwar naira da tallar da aka ƙi

Daga Yunin 2023 darajar naira ta yi ta zubewa, daga kusan 460 ga dala a farashin hukuma zuwa sama da 1,400 a Fabrairun 2024. Kamfanonin Najeriya da naira suke ware kuɗin talla, shi kuma da dala ake lissafa masa, don haka ko da yake kallo daga can ya ƙaru, abin da yake kawowa ya ragu. Kuɗin kujera ya yi tashin gwauron zabo, Najeriya ba ta cike gurabenta ba a shekarar, waɗanda suka zo kuma suka taƙaita tsaraba. Mai jallabiya ɗaya ya janye. Masu kago da masu abinci suka sabunta, aka samu ƙarin wasu daga Madina, kusa da masaukan da ake sauke alhazan Afirka.

Kafin Hajji wani dillali ya zo masa da tayin da ya fi na kowa tsoka, yana so a tallata hanyar shigo da mutane da bizar ziyara su tsaya su yi Hajji da rahusa. Ya ƙi, ya kuma yi bidiyo yana bayanin cewa bizar ziyara ba ta ba da izinin Hajji, cewa tarar wanda aka kama ba shi da izini a shekarar riyal 10,000 ce, kuma wanda ba shi da izini ba shi da tanti a Mina da Arfa, ba shi da motar da za ta ɗauke shi. A Hajjin na Yuni zafi ya tsananta, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu marasa izini.

Jimillar shekarar ta kama kusan riyal 14,000 daga tallar kai tsaye, da ƙasa da 4,000 daga Google. Idan aka cire kason lasisi na shekara, da ladan ɗalibin da ke rubuta take, da data da gyaran waya, abin da ya rage ya kai kimanin riyal 900 a wata idan aka raba shi daidai, ko da yake a zahiri yawancinsa cikin wata huɗu yake shigowa. Bai bar jigila ba, bai kuma bar aikin tafinta ba.

## Abin da lamarin ya nuna

A ganina, shekara ɗaya da rabi na farko sun tafi ne wajen neman adadi. Bidiyon sallar Harami da musayar mabiya sun kumbura alƙaluma, amma su ne suka jawo ƙin karɓa, kuma ba su kawo mutum ɗaya da zai taka zuwa shago ba. Gyaran da ya fi kowanne arha, wato rubuta take da Hausar boko, shi ne ya fara haɗa tashar da mutanenta, kuma da an yi shi tun ranar farko da an rage watanni da yawa.

Tallar Google ba ta gaza don tashar ba ta da amfani ba. Ta gaza ne saboda gwanjon yana kimanta mai kallo da kasuwar ƙasar da yake zaune, bai san cewa wannan mutum na Gusau ko Damagaram nan da mako uku zai sauka Makka da guzuri a aljihu yana neman inda zai ci tuwo ya auna kaya ba. Mai shago a Misfala ya san haka, shi ya sa ya biya kuɗin da ya ninka na gwanjon. Sannan al'adar tura bidiyo daga waya zuwa waya, wadda ke zubar da tallar Google a hanya, ita ce take ɗaukar tallar da ke cikin muryar mai tashar ta kai ta har sansanin alhazai. Wannan ne babban dalilin da ya sa tasha mai mabiya 12,000 ta iya biyan lasisin riyal 15,000.

Ƙin tayin dillalin da yanke hulɗa da kamfanin kagon da ya yi jinkiri daidai ne ta fuskar amana, kuma daidai ne ta fuskar kasuwanci, domin abin da masu shaguna ke saya a wurinsa shi ne yardar da alhaji ya yi da maganarsa. Sai dai nasarar tana da iyaka a fili. Ta dogara ga zama ɗan ƙasa, ga unguwanni biyu ko uku, da zango biyu a shekara, kuma duk ranar da aka sauya wa alhazan Najeriya masauki zuwa wani yanki, sai ya sake bin shaguna daga farko. Wa'adin lasisin da ya karɓa zuwa farkon 2026 ne, kuma tun kafin nan ya fara ware riyal 400 duk wata a wani asusu daban don kada sabuntawar ta sake komawa kan adashin dangi.